Lissafin da Ke Riga Jirgi Tashi

Maniyyacin da ya hau jirgi a filin Malam Aminu Kano zuwa Jidda yakan ji matuƙi ya sanar da awa nawa za a yi a sama. Tun kafin a fara awon kaya wani ma'aikaci ya zauna ya fitar da wannan adadi. Shi ne mai tsara tafiyar jirgi.

Da nisa yake farawa. Duniya dunƙulalliya ce, saboda haka layin da aka ja da rula a shimfiɗaɗɗiyar taswira yana ruɗi. Hanya mafi kusa ita ce wadda zare zai bi idan aka ɗame shi a bayan ƙwarya tsakanin ɗigo biyu. Daga Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, zaren ya kai kimanin kilomita 3,400, ya ratsa Cadi da Sudan, ya tsallake Bahar Maliya. A takardarsa da mil na teku yake rubutawa, kowane mil ɗaya kilomita 1.852.

Mai son jiki zai raba 3,400 da 850, wato gudun babban jirgi a awa guda, ya ce awa huɗu, ya tashi abinsa. Gwani kuwa nan aikinsa ya soma.

Sama ma tana da hanyoyi, da tashoshi masu suna waɗanda jirgi ke bi ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace ƙasa da ikon samaniyarta. Yakan karanta sanarwar ranar, ya ga inda aka buɗe da inda aka rufe. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, aka rufe samaniyarta, jiragen alhazan Najeriya suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin mai ya ƙaru.

Sai iska. A tsayin ƙafa 35,000 tana da nata gudu. In tana bayan jirgi, ta rage masa lokaci. In ta tare shi ta gaba, ta ƙara. Shi ya sa zuwa da dawowa ba sa yin daidai. Yakan gwada tsayi daban-daban a kwamfuta har ya sami wanda ya fi sauƙi.

Daga nan ya ƙidaya mintocin hawa, da na sauka, da na gangarawa a kan titin filin. Ya duba zafin Kano, domin iska mai zafi ba ta da kauri, jirgi mai nauyi yana bukatar dogon gudu kafin ya ɗaga. Mai kuma kashi-kashi yake auna shi: na tafiya, na ko-ta-kwana, na kaiwa wani fili kamar Madina idan Jidda ta ƙi saukuwa, da na ƙarin minti 30 wanda ba a taɓawa sai dole.

Agogo ne ƙarshe. Saudiyya ta riga Najeriya da awa biyu, don haka yakan yi duk lissafinsa da agogon bai-ɗaya na duniya, sannan ya juya shi zuwa na gari. Matuƙi ya karanta, ya gamsu, ya sa hannu. Gobe sai mai tsarawar ya sake komai daga farko, domin iskar jiya ba ta aikin yau.