Kotun Murzuk: Hamada da Hukuma a Cikin Shaihu Umar

Akasarin masu nazarin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, sun fi tsayawa a kan guguwar rairayin da ta binne ayari, Umar kaɗai ya tsira. A ganina, wurin da ya fi tayar da hankali a littafin shi ne Murzuk, inda mahaifiyar Umar, 'yar halak da aka yaudara a Kano, ta kai kukanta gaban alƙali, amma ta bar garin tana baiwa. Guguwa ba ta da mai tuhuma. Kotu kuwa hannun mutum ce.

Kafin a gane nauyin wannan fage, sai an san mene ne Murzuk. Ita ce babban birnin Fazzan a wancan zamani, lardin da ke kudu maso yammacin Libiya ta yau, ƙasar dausayoyin dabino da ke jere cikin kwaruruka tsakanin tekunan rairayi. Hanyar Borno da ke bi ta Bilma, da ta Kano da ke bi ta Azbin da Gat, duk ta Fazzan suke ratsawa zuwa Tarabulus. Tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka mulki yankin daga Taragan. Daga baya gidan Aulad Muhammad ya riƙe Murzuk kusan shekaru ɗari uku, sannan Turkawan Santambul suka kafa mulkinsu kai tsaye a 1842. Shekara guda bayan haka Ingila ta ajiye ƙaramin jakada a garin, kuma a 1857 Sarkin Santambul ya ba da umarnin hana cinikin bayi baƙar fata.

Ke nan matar da Ɓalewa ya kai Murzuk ba dokar daji ta faɗa ba. Ta shiga gari mai hakimi da soja da alƙali da masu karɓar kuɗin fito, garin da rumbunsa ke cika da harajin ayari, bayi kuma na cikin hajar ayarin. Hukumar da ke ci daga fatauci ba za ta ji kukan haja ba. Da 'yan layuka kaɗan marubucin ya nuna wannan, kuma a nan nake jinjina masa: bai sa alƙali ya zama dodo ba, ya bar zalunci ya gudana cikin rigar shari'a.

Sai dai ina da ƙorafi. Fazzan ta littafin ba ta da fuska. Ba mu ga ganuwarta ba, ba mu ga manoman dabinonta ba, ba mu san wa ke naɗa alƙalin ba balle wa zai iya tuɓe shi. Da marubucin ya rage wa lardin siffa, sai ya rage wa masu mulkinsa alhaki, mai karatu ya rufe littafin yana ɗora kome a kan ƙaddara. Haƙurin da labarin ke koyarwa ado ne ga wanda aka zalunta, amma idan ya rufe tambayar wa ke da laifi, ya zama mayafin azzalumi.

Wannan tambaya ba ta tsufa ba. Fazzan ta wuce hannun Italiya, ta zauna ƙarƙashin Faransa daga 1943 zuwa 1951, ta zama ɗaya daga lardunan Libiya uku da hedikwata a Sabha, har aka soke tsarin tarayya a 1963. A 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ba da rahoton ana sayar da 'yan ci-rani daga Afirka ta Yamma a Sabha ɗin nan, da yawansu ta Agadas suka bi. Ɗalibin da zai karanta Shaihu Umar a yau ya daɗe a kotun Murzuk kafin ya wuce ga guguwa, domin uwar Umar hukuncin mutane ne ya raba ta da 'yancinta.