Ina Tsoron Shaihu Umar Ya Tafi?

A wannan ɗan sharhi ina so in duba littafin Shaihu Umar na Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. Ba jigon bauta zan taɓa ba, don magabata sun yi masa bayani mai gamsarwa. Abin da ya dame ni shi ne muryar mai ba da labarin.

Mai karatu zai tuna abin da ya sami Umar. An sace shi yana yaro, kura ta kashe wanda ya sace shi, mahara suka kama shi, aka kai shi Kano, daga nan Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi Ber Kufa. Da ya sadu da uwarsa bayan shekaru, ba ta daɗe ba ta rasu. Sannan guguwar rairayi ta binne ayarinsu a hamada, shi ya tsira. Amma duk wannan Shaihu yana faɗa wa almajiransa a Rauta cikin natsuwa, kamar madugu yana lissafa zango.

Da na fara karanta shi a sakandare, haƙuri na kira wannan natsuwar. To, bara waccan motarmu ta kife muna dawowa daga hutu, wanda ke zaune kusa da ni bai tashi ba. Raunina ya warke cikin wata guda. Amma in aka buga ƙofa sai in zabura, in na ji warin fetur sai in ga tayar nan tana juyi a sama, barci kuwa sai ɓarawo. Abin mamaki, in aka tambaye ni labarin sai in ba da shi sumul, kamar wani ya sama. Mutane suna yaba haƙurina, ni kuwa ba na jin kome ne kawai.

Wani likita ne ya sanar da ni sunan abin, watau ciwon firgita bayan masifa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi cikin littafinta a 1980, bayan abin da aka gani ga sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Alamunsa kashi huɗu ne: abin ya riƙa dawowa a mafarki ko a farke, gudun duk abin da ke tuna shi, mutuwar zuciya da zargin kai, da zama kullum a ɗarare. In sun wuce wata guda suna hana mutum sakat, magana ta zama ta asibiti.

Ba ina cewa Umar yana da wannan ciwo ba ne, don yawancin waɗanda masifa ta afka wa ba ya kama su. Ƙorafina shi ne marubucin bai ba mu hanyar sani ba. Ya nuna mana kura, bai nuna mana dararen da suka biyo bayanta ba. Saboda haka mai karatu ba ya iya rarrabe haƙuri da daskarewar zuciya, alhali kuwa ba ɗaya ba ne. A ganina wannan ne raunin littafin.

Amma fa zubinsa ya cancanci yabo. Almajiri ya yi tambaya, malam ya ɗauko rayuwarsa daga haihuwa, ya jera ta daki-daki gaban masu saurare. Kusan haka likitan nan ya sa ni na yi, mako bayan mako, har hatsarin ya koma abin da ya riga ya wuce. Ranar da na kai wurin tayar, muryata ta karye, na yi kukan da ban yi ba tun ranar.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwa masu rubutu a wannan ƙungiya. Hausa ba ta rasa kalmomi ba: akwai razana, da zabura, da faɗuwar gaba, da mugun mafarki. In kun tsirar da tauraronku daga bakin kura, ku bi shi har shimfiɗarsa. Wanda kuma ya ga kansa cikin alamun nan, ya nemi likita. Yin haka bai rage masa haƙuri ba.