Kiɗan Bakan Sauti: Abin da Grisey Ya Ji Cikin Amo Guda

A shekarar 1822 Joseph Fourier, masanin lissafi ɗan Faransa, ya wallafa littafinsa kan yadda zafi ke ratsa abubuwa. Ba kiɗa ya sa a gaba ba, amma lissafinsa ya nuna cewa duk kaɗawar da ke maimaita kanta ana iya warware ta zuwa tarin ƙananan kaɗawa, kowace na hawa da sauka sumul, ba gargada. Tsirkiyar da ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa tana kuma kaɗawa rabi-rabi sau 880, kashi uku sau 1320, haka har sama. Kunne ne ke haɗe su ya ji murya ɗaya. Da goge da sarewa za su ɗauki murya guda, abin da ke bambanta su shi ne ƙarfin da kowane ƙaramin sauti ya samu a cikin tarin. Masanin kimiyya Hermann von Helmholtz ya baje wannan a littafinsa na 1863, bayan ya riƙa kara wasu ƙoƙuna masu baki a kunne yana tsamo sautukan ɗaya bayan ɗaya.

An haura shekara ɗari kafin masu tsara kiɗa su mayar da wannan sani kayan aikinsu. A birnin Paris, Gérard Grisey da Tristan Murail da abokansu suka kafa ƙungiyar L'Itinéraire a 1973. Bayan shekara biyu Grisey ya fitar da Partiels, na makaɗa 18. Ya ɗauki amo guda mai kauri na tarambon, ƙahon nan na tagulla, ya duba bakan sautinsa, wato jerin ƙananan sautukan da ke cikinsa, sannan ya raba wa makaɗa ƙananan sautukan, kowa da nasa. Abin da ke wucewa cikin ƙiftawar ido sai ga shi an shimfiɗa shi, mai sauraro na jin sautukan suna shigowa bi da bi. A nan hikimar take: kowane kayan kiɗa yana tafe da nasa bakan, don haka abin da ya fito ba tarambon ba ne kuma, sabon amo ne da babu mai shi. Daga nan Grisey ya riƙa karkatar da sautukan sannu a hankali har tsarin ya rikiɗe ya koma hayaniya.

A ganina wannan salo ya yi wa kiɗan Turai babban gata, domin ya tilasta masa fita daga maɓallan fiyano. Sauti na 7 da na 11 a jerin ƙananan sautukan suna faɗawa ne tsakanin maɓallai, dole makaɗi ya nemo su da kunnensa.

Sai dai hoton bakan sauti ba shi ne kiɗa ba, kuma inda almajiran salon suka kwafe zanen kwamfuta suka zuba a takarda, aikin kan fito ba rai. Amo yana da haihuwa da mutuwa. Tun wajen 1948 mai binciken sauti Pierre Schaeffer ya gano cewa idan aka yanke farkon bugun ƙararrawa a faifai, da wuya a gane ta. Ita ƙararrawar ma, da ganga, sautukansu ba sa bin ninki ɗaya, biyu, uku kamar na tsirkiya. Murail ya san da haka, shi ya sa a Gondwana na 1980 ya faro da amo irin na ƙararrawa, ya bar shi yana sauya kama a hankali har ya kusanci na ƙaho.