Jinjina ga Masassaƙan Dutsen Lalibela

A tsaunukan arewacin Habasha, a garin Lalibela, akwai majami'u 11 da aka sassaƙa daga jikin dutse, daga sama zuwa ƙasa. Ga manyan cikinsu, masassaƙan sai da suka haƙa rami kewaye da dutsen har ya tsaya shi kaɗai, sannan suka huda ƙofa, suka shiga suna rarake cikinsa, suna fitar da ginshiƙai da tagogi da rufi. Magini in katangarsa ta karkace yakan rushe ya sake. Su kuwa sara ɗaya ya kauce, shi ke nan.

Dubi majami'ar Bete Giyorgis mai siffar gicciye, wadda rufinta ke daidai da doron ƙasa. Har magudanan ruwa suka yanka, don kada damina ta cika ramukan.

Labarin da Kiristocin Habasha suka gada ya ce a zamanin Sarki Lalibela, wajen farkon ƙarni na 13, mala'iku ne ke karɓar aikin da dare. Ni dai jinjinata ga ma'aikatan rana take, masu kanta a tafin hannu. UNESCO ta sanya wurin cikin kayan tarihin duniya a 1978, kuma har yau ana ibada a ciki.