Abinci, Iska da Numfashi: Sharhi a kan Fassarar Darasin Rayuwar Tsiro zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Koyar da kimiyya da Hausa ya daɗe. A 1949 R. M. East da Abubakar Imam suka fitar da littafin Ikon Allah a Zariya, inda suka yi bayanin halittu iri-iri da Hausa. A Nijar an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, sannan a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ke nan ɗaliban harshe na yau su ne za a nema gobe su rubuta littattafan firamare, su fassara darussan rediyo, su kuma tace kalmomin da yara za su haddace.

Wannan takarda za ta duba jimloli uku da aka saba ji idan ana bayanin yadda tsiro ke haɗa abincinsa da yadda rayayyu ke samun ƙarfi daga abinci. Ga su:

(a) Tsiro yana cin abincinsa daga ƙasa.
(b) Tsiro yana shaƙar iska maras kyau, ya fitar da mai kyau.
(c) Mutum yana numfashi dare da rana, tsiro kuwa sai da dare.

Dukansu daidai suke ta fuskar nahawu, kuma suna da daɗin ji. Amma kowace tana ɗauke da kuskure, kuma kuskuren daga zaɓen kalma ya taso. Manufar takardar ita ce ta nuna inda kalmar ta kauce da abin da za a iya sa wa a gurbinta.

2.0 Taƙaitaccen bayanin al'amarin

Kafin a yi hukunci a kan fassara, dole a san abin da ake fassarawa. Ganye yana ɗauke da wani koren sinadari, kulorofil, wanda ke kama hasken rana. Da ƙarfin wannan haske ganye ke haɗa ruwan da saiwa ta tsotso da iskar kabon dayoksaid da ta shigo ta ƙananan ƙofofin da ke jikinsa, sai a sami sukari, a saki oksijin. Masana kimiyya suna rubuta shi haka:

6CO₂ + 6H₂O → C₆H₁₂O₆ + 6O₂

Aiki na biyu yana faruwa ne a cikin ƙwayoyin halittar mutum da dabba da tsiro baki ɗaya. A nan ana farfasa sukari tare da oksijin, a fitar da ƙarfin da ke ajiye a cikinsa, sai kabon dayoksaid da ruwa su rage. Mafi yawan wannan aiki a cikin wani ɗan ɓangare na ƙwayar halitta ake yin sa, wanda ake kira mitokondiriya. Aikin farko tarawa ne, na biyu kuwa kashewa. Na farko sai da haske, na biyu ba ruwansa da dare ko rana.

3.0 Kalmar abinci

Abinci harɗaɗɗiyar kalma ce, daga abin da ci. A tunanin mai jin Hausa, abinci abu ne da ke waje, a ɗauko shi a sa a baki. Ga shi kuma aikatau ci yana da faɗin ma'ana ƙwarai: wuta ta ci, gona ta ci taki, kasuwa ta ci. Saboda haka da an ce tsiro yana da abinci, hankalin yaro sai ya tafi ga saiwa a matsayin baki, ƙasa kuma a matsayin akushi. Abin da yake gani a gona yana ƙara tabbatar masa da haka, tun da inda aka zuba taki nan hatsi ya fi kyau.

An daɗe da gwada wannan zato. Jan Baptist van Helmont, wani masani daga Burusal, ya shuka icce mai nauyin kilo 2 da ƴan kai a cikin tukunya mai ɗauke da busasshiyar ƙasa kimanin kilo 90. Shekara 5 yana ba shi ruwa kawai. Da ya auna, iccen ya kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa abin da ta rage bai wuce giram 60 ba. An buga sakamakon a 1648, bayan rasuwarsa. Shi ya ɗauka ruwa ne ya zama icce, domin a lokacin ba a san rawar da iska ke takawa ba. Yanzu an tabbatar cewa kusan rabin nauyin busasshen kara ko icce kabon ne, kuma daga iska ya fito. Gawayin da maƙeri ke hurawa, asalinsa iska ce da ganye ya kama.

Ashe jimla ta (a) ta haɗa abu biyu a kalma ɗaya. Abin da saiwa ke tsotsa ruwa ne da gishirin ƙasa, irin su naitirojin da fosfaras, waɗanda tsiro ke buƙata kaɗan-kaɗan amma ba ya yi sai da su. Abincin kuwa, wato sukari, a ganye ake yin sa. Gyaran ba shi da wuya: a bar wa saiwa aikatau tsotsa ko sha, a ba ganye haɗa ko sarrafa, a kuma guji ci gaba ɗaya a wannan darasi. Malamin da ke son kwatance yana iya cewa ganye shi ne madafa, saiwa kuwa ita ke zuwa rijiya.

4.0 Kalmar iska

Iska ta fi abinci yawan nauyi a ka. Ita ce mai kaɗawa ta ɗauke rufin ɗaki, ita ake hura wa taya, ita ake sha a bakin ƙofa da yamma, kuma jam'inta iskoki ya tafi wani fagen daban. A darasin kimiyya an ƙara mata aiki biyu: sunan cakuɗar da ke kewaye da duniya, da sunan kowane ɗaya daga cikin abubuwan da suka haɗu suka yi cakuɗar. Mai fassara da ya rasa yadda zai bambanta oksijin da kabon dayoksaid sai ya nemi mafaka a wurin mai kyau da maras kyau.

Wannan mafaka tana da aibi uku. Na farko, ta sa yaro ya ɗauka iska kashi biyu ce. Alhali kashi 78 cikin ɗari na iskar duniya naitirojin ne, oksijin kashi 21, kabon dayoksaid kuwa kimanin 0.04 kacal. Na biyu, ta ɓata hoton numfashin mutum. Iskar da mutum ya fitar tana da sauran oksijin kusan kashi 16 cikin ɗari, kabon dayoksaid kimanin kashi 4. Shi ya sa ake iya hura wa wanda numfashinsa ya tsaya iska baki da baki a ceto shi. Ɗalibin da aka koya wa cewa abin da ke fita daga huhu maras kyau ne zalla, zai yi mamakin wannan. Har ila yau, iskar da aka kira maras kyau ita ce kayan aikin ganye, ba don ita ba da ba a ga zangarniya ko ɗaya a gona ba.

Aibi na uku ya shafi rai. Akwai wata iska, kabon monoksaid, wadda ke tashi daga gawayi ko janareta idan wuta ba ta sami isasshen oksijin ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana manne wa sinadarin jini mai ɗaukar oksijin fiye da oksijin kansa sau 200 da wani abu. Ita ke kashe masu kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki lokacin ɗari. Idan littafin makaranta ya riga ya ba kabon dayoksaid sunan iska maras kyau, kuma ya ce kowa na fitar da ita a kowane numfashi, to takardar gargaɗin kiwon lafiya da ta yi amfani da wannan suna ga kabon monoksaid ta rasa kaifinta. A irin wannan wuri aron suna ya fi siffantawa aminci. Kowace iska a kira ta da sunanta.

5.0 Kalmar numfashi

Numfashi a Hausar yau da kullum shi ne shigar iska da fitarta ta hanci, abin da ake gani a ƙirji, wanda idan ya ɗauke aka ce rai ya yi halinsa. Kimiyya kuwa tana da abu biyu a nan: aikin huhu, da aikin farfasa sukari a cikin ƙwayar halitta. Faransanci ma yakan kira su da kalma ɗaya, don haka mai fassara daga Faransanci yakan kwaso ruɗanin tare da kalmar.

Jimla ta (c) daga nan ta fito. A 1771 Joseph Priestley ya nuna cewa reshen na'ana'a yana gyara iskar da kyandir ya ɓata a cikin rufaffen gilashi. A 1779 Jan Ingenhousz ya gano cewa sai a cikin haske tsiro ke yin haka, a duhu kuwa shi ma ɓata iskar yake yi. Abin da ke faruwa shi ne, tsiro yana farfasa sukari dare da rana, sai dai da rana aikin haɗawa ya fi yawa har ya rufe na farfasawa. Da dare haɗawa ta tsaya, sai ɗayan ya fito fili. Jimlar ta ɗauki abin da aka iya aunawa a waje ta mai da shi abin da ke gudana a ciki.

Manomi yana da shaidu a kan haka ko bai san sunansu ba. Irin da aka binne yana tsirowa cikin duhu da abincin da ke ajiye a ƙwayarsa. Geron da ruwa ya kwanta a gindinsa kwana da kwanaki yakan yi rawaya ya mutu, domin saiwa ta rasa oksijin. Gawo yana zubar da ganye da damina ya sake fitarwa da rani, kuma a watannin da yake tsirara da abin da ya tara yake rayuwa. Buhun nan mai riɓi uku na ajiyar wake, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, da wannan ka'ida yake aiki: ƙwarin da ke ciki suna cinye oksijin, su daina ɓarna, su mutu ba tare da an sa magani ba.

To wace kalma ta dace? Antoine Lavoisier ya kwatanta wannan aiki da wuta mai ci a hankali, kuma kwatancen yana da amfani, domin Hausa tana da makamashi, wato abin da wuta ke kamawa. Sukari shi ne makamashi, abin da ke fitowa shi ne ƙarfi da ɗumin jiki. Amma ƙona abinci ba za ta zama suna ba, don duk wanda ya ji abinci ya ƙone, ƙanzo zai tuna. Narkar da abinci kuma aikin ciki da hanji ta riga ta kama. Numfashin ciki ma ba ta tsira ba, saboda ciki na iya zama tumbi ko juna biyu. Abin da ya rage shi ne a riƙe numfashi a ɗaura masa mafayyaci: numfashin huhu da numfashin ƙwayar halitta. Sharaɗin shi ne a tsayar da ƙwayar halitta ga wannan ma'ana kaɗai, a bar ƙwayar gado ga abin da ɗa ke gada daga iyaye, domin a rubuce-rubuce da yawa ana musanya su.

6.0 Aro ko ƙirƙira

Hausa tana bin hanyoyin biyu tun da daɗewa. Jirgin sama da gidan waya ƙirƙira ce da ta zauna daram, na'ura mai ƙwaƙwalwa kuwa kwamfuta ta rinjaye ta a bakin jama'a. A wannan darasi akwai ƙarin matsala, wato iyaka. Ɗalibin Maraɗi daga Faransanci yake aro, na Katsina daga Ingilishi, sai a sami oksijan a nan, oksijin a can, gaz karbonik a nan, kabon dayoksaid a can. Taron Yamai na 1980 ya yi ƙoƙarin daidaita ƙa'idojin rubutu tsakanin ƙasashen biyu. Keɓaɓɓun kalmomin kimiyya suna buƙatar irin wannan zama. Kafin a yi shi, alamomin CO₂ da O₂ suna da amfani, tun da iri ɗaya suke a kowane gefe.

Daga misalan da aka duba ana iya fitar da ma'auni. Sunan abu, kamar oksijin ko kulorofil, a are shi a rubuta da ƙa'idar Hausa, domin siffanta shi yakan jawo hukuncin da kimiyya ba ta yanke ba. Sunan aiki kuwa a gina shi da Hausa, domin aikatau na nuna wa ɗalibi abin da ke faruwa. Kalmar fotosintesis daga Girkanci take, haske da haɗawa. Haɗa abinci da haske ta kusa, amma da na iya nufin tare da, har yaro ya zaci ana cuɗa abinci da haske ne. Haɗa abinci da ƙarfin haske ta fi tsawo, ta kuma fi fita daga shubuha.

7.0 Kammalawa

An ga cewa jimlolin uku ba su saɓa wa nahawu ba, ma'anar yau da kullum ta ci da iska da numfashi ce ta rinjayi ma'anar kimiyya. Idan aka bi gyare-gyaren da aka kawo, za su koma haka:

(a) Saiwa tana tsotso ruwa da gishirin ƙasa, ganye yana haɗa abinci da ƙarfin haske.
(b) Da rana ganye yana ɗaukar kabon dayoksaid, ya saki oksijin.
(c) Numfashin ƙwayar halitta ba ya tsayawa dare da rana, a jikin mutum da na tsiro.

Sababbin jimlolin sun fi tsofaffin tsawo da nauyi a baki, kuma wannan hasara ce da ya kamata a amince da ita. Ɗalibin da aka ba aikin fassara irin wannan darasi zai fi samun nasara idan ya fara zama da malamin kimiyya har ya fahimci aikin, sannan ya karanta wa ɗan aji biyar abin da ya rubuta, ya nemi yaron ya maimaita masa da kalmominsa. Abin da yaron ya faɗa shi zai nuna ko kalmar ta kai saƙon ko ta kauce.