Masu Ƙona Zuciya Don Ta Gyaru

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa, kuma wata ƴar wutar lantarki ta cikin jiki ce ke ba su umarnin matsewa bi da bi. Idan wutar nan ta rikice, ɗakunan sama sai su bar matsewa su koma makyarkyata. Mai ciwon ya riƙa jin gabansa na faɗuwa babu dalili, tafiya kaɗan ya kama haki. Ɗakunan ƙasa kuwa sun rasa turin ƙarshe da na sama ke yi musu, wanda kan kai kashi 20 cikin 100 na jinin da ke cika su, ga shi ana kora su da gudu dare da rana har su saki.

A 1998 likita Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a Bordo ta Faransa suka gano maɓoyar fitinar. Cikin marasa lafiya 45 da suka bincika, kashi 94 cikin 100 na wuraren da tartsatsin da ke rikita wutar ke tashi suna cikin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu zuwa ɗakin sama na hagu.

Aikin da ya biyo baya abin jinjina ne. Ba a tsaga ƙirji. Likita zai zura siririyar waya ta jijiyar cinya, ya bi da ita har zuciya, ya huda bangon da ya raba ɗakunan sama, sannan ya zagaye bakin jijiyoyin nan huɗu da ɗigon ƙuna, ɗigo na taɓa ɗigo, alhali zuciyar na bugawa. Tabo ba ya ɗaukar lantarki, saboda haka da'irar takan zama kamar hanyar da ake sharewa a daji don kada gobara ta tsallake. Ya bar ƴar kafa, ciwo ya dawo. Ya zurfafa a bangon baya, hanyar abinci na nan manne da shi. Gwanin kan riƙa duba ƙarfin dannawarsa a allo, giram-giram, yana jiran ya ga rubutun wutar jijiyar ya kwanta.

Abin da ya fi burge ni shi ne sanin inda za a tsaya. Ƙuna in ta yi yawa, ɗakin sama sai ya sandare, ya kasa buɗewa ya karɓi jini, haki ya dawo ta wata ƙofa. In an yi daidai, ɗakin saman da ciwon ya sa ya kumbura yakan ragu cikin watanni. A makonnin farko matsewarsa ba ta da ƙarfi, shi ya sa ake ci gaba da maganin tsinka jini aƙalla wata 2, gudun kada gudan jini ya haura ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki.

Ɗakin ƙasa ma kan farfaɗo. A binciken CASTLE-AF na 2018, kan mutum 363 masu raunin zuciya, kashi 13 cikin 100 suka rasu cikin waɗanda aka yi wa aikin, kashi 25 cikin masu shan magani kawai.

A wajenmu, daga Kona zuwa Tasawa da Mayahi, sau da yawa rikicin bugun na zuwa ne bayan hawan jini, ko bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a kula da shi ba ya lalata murfin da ke tsakanin ɗakunan hagu. In murfin ne ya lalace, ɗakin sama ya riga ya kumbura ƙwarai, ƙuna kaɗai ba ta cika riƙe shi ba, sai an fara gyara murfin.