Dokin da Ya Fito Daga Gidajen Dara

Hoton bai fi tafin hannu ba. Wani mahayi ne a Hawan Daushe, rawani ya sha naɗi, doki ya ɗaga kai yana tauna linzami. Mai shi ya kawo shi wani ɗan shagon zane a Kwaciri, yana so a mayar da shi babba da fentin ruwa. Na samu benci na zauna.

Ranar farko mai zanen ko buroshi bai taɓa ba. Rula ya ɗauka. Faɗin hoton santimita 10, tsawonsa 15. Ya lulluɓe shi da leda garai-garai don kada ya ɓata wa mutum hotonsa, ya ja layuka tsaye da kwance a kanta, tsakaninsu santimita ɗai-ɗai, sai ga gidaje 150 reras kamar na dara. A sama ya jera lambobi, a gefe haruffa, kowane gida da sunansa. Sannan ya manne takarda mai kauri, santimita 30 da 45, a jikin katako da salatef, ya sake fitar da gidaje 150, amma kowanne santimita 3. Faɗi da tsawo sun ninka uku, fili kuwa ya ninka tara, kuma da wannan lissafin yake sanin yawan launin da zai dama.

Daga nan ya manta da doki. Gida ɗaya yake kallo: a ina layin wuya ya shigo, a tsakiya ne ko kusa da kusurwa, ta ina ya fita? Ya ɗiga alama a babbar takarda, ya haɗa. Da ya iso ido da hanci, inda kuskuren ƙwayar gero ke sauya kama, sai ya raba gidan huɗu. Can kuma na ga ya kifa hoton, ƙafafun doki suna sama.

"Malam, lafiya?" na tambaya.

"Ido yana da ƙarya," in ji shi. "In ya gane doki ne, dokin da ya sani zai ba ni, ba wannan ba."

Dabarar ta daɗe. Masu zanen bangon kaburbura a tsohuwar Masar, kusan shekara 4,000 da suka wuce, suna auna mutum a tsaye da gida 18 daga tafin ƙafa zuwa matsirar gashin goshi. A 1435 Leon Battista Alberti na Italiya ya bayyana wani siririn mayafi mai zare gida-gida, wanda mai zane ke kallon abu ta cikinsa. Mu ma dabarar ba baƙuwarmu ba ce, duk wadda ta taɓa ƙirga zare a aikin hula ta san ta.

Wahalar tana ga fentin ruwa. Masu rubuta allunan shaguna a Sabon Gari da fentin mai suke aiki, in sun kuskure su shafe da wani. Fentin ruwa kuwa ba ya rufa asiri, duk abin da ke ƙarƙashinsa sai ya leƙo. Shi ya sa yake riƙe fensir ta can ƙarshensa, yana shafar takarda kawai, domin in ya danna zai bar kwari, launi ya taru a ciki. Kuma dole ya share gidajen kafin ruwa ya sauka, don in suka jiƙe sun zauna ke nan. Ba ya gurzawa. Dangwala kilina yake yi a hankali, saboda fuskar takarda in ta ƙuje shan launi take yi dabbare-dabbare. Aikin yini guda, da hannunsa ya ɓatar da shi, ya bar dokin da mahayinsa kaɗai.

A majalisar da ke tsallaken titi an sha shayi zagaye uku, wayoyi a hannu. Shi bai ɗago ba.

Washegari ya fara da launi mai haske, sama da ƙurar fage, yana sauri don iskar hunturu ba ta jira, gefen ruwa na bushewa ya bar tabo. Masu duhu sai daga baya, bayan na farko ya bushe ƙayau. Rawanin bai sa masa fari ba, farin takardar ya kewaye ya bari, ya ɗan zuba shuɗi-shuɗi a lungunan naɗin. Da ya zo kan idon dokin sai ya matse buroshi a tsumma, ya ɗauke numfashi, ya ɗiga baƙi, ya bar wani ɗan fari kamar kan allura a gefensa.